Ranar da zinare ya hana ni jin huɗuba

Akwai wata Juma'a a daminar 2023 da har yau in na tuna ta sai na ji gabana ya faɗi. Ina zaune a sahu, liman na kan mumbari, masallaci ya yi tsit, ni kuma wallahi ko kalma ɗaya ban ɗauka ba daga cikin huɗubar nan, hannuna na cikin aljihun riga ya dafe waya kamar wanda ya dafe gyambo, zufa na bin bayana duk da an kwana ana ruwa garin da sanyi-sanyi. Abin da ke cikin kaina ɗaya ne, yanzu nawa farashin zinare ya kai.

Wanda ya taɓa yin foreks, wato cinikin kuɗaɗen ƙasashe da zinare ta intanet, ya riga ya gane inda na dosa. Akwai rahoton da gwamnatin Amurka ke fitarwa kan yawan ayyukan yi da aka samu a wata, 'yan kasuwa na ce mai NFP, yawanci Juma'ar farko ta kowane wata yake fita da ƙarfe 8:30 na safe agogon New York, wanda a wurinmu ya kama 1:30 na rana in lokacin zafinsu ne, in kuma lokacin sanyinsu ne 2:30. Ka ga kenan daidai lokacin da muke masallaci. Minti ɗaya da fitar rahoton nan dala da zinare sai su yi ta tsalle kamar an taka wutsiyar maciji, abin da farashi ke tafiya a wuni guda sai ya yi shi a minti biyar. Na san da haka fa, ba wai ban sani ba. Amma da safen ranar na buɗe MT5, manhajar da muke ciniki da ita, na saida zinare, wato in farashinsa ya sauka in ci riba in kuma ya hau in yi asara, don a wani guruf na Telegram da nake ciki kowa cewa yake yau zinare sai ƙasa, an zana layuka an turo hotuna, ni ma na duba nawa zanen na ga kamar haka ne.

Kuɗin da ke cikin asusun dala 400 ne, wajen naira dubu 300 da 'yan kai a canjin lokacin, don sati kaɗan kafin nan ne CBN ta saki naira a watan Yuni, dala ta tashi daga ɗari huɗu da sittin ta haura ɗari bakwai a banki. Kuma kuɗin nan ba nawa ba ne, a nan ne duk matsalar take. Na Yayana ne. Yana noma a ƙauyenmu can wajen Rimi, ya turo min in sai mai taki a cikin gari tunda na san wani dila, nace a raina bari in juya su kwana huɗu biyar in samu na cefane sannan in sai takin, ai ba wanda zai sani. Amana ce na ci, ba ni da wani suna da zan ba abin in ba wannan ba.

Na shiga da lot 0.10. Ga wanda bai sani ba, a zinare lot 0.10 na nufin awo 10 na oza, wato duk dala ɗaya da farashi ya motsa kai dala 10 ce ta shiga ko ta fita daga aljihunka. Na sa sitof los, wato layin da kake gaya wa buroka, kamfanin dillancin da kake ciniki ta hannunsa, cewa in farashi ya kai nan fitar da ni na haƙura, na sa shi dala 8 sama da inda na shiga. Da na bar shi haka nan da asarata ba ta wuce dala 80 ba. To ina alwala zan fita masallaci sai zuciya ta ce min ai ka san in rahoto ya fito farashi kan yi sama ya ɗebe sitof ɗin mutane sannan ya dawo inda za shi, cire shi kawai. A bakin ƙofar gida, takalmi ɗaya a ƙafa, na cire shi.

Ana sallame salla ko addu'a ban tsaya ba na fito na raɓe jikin wata bishiyar darbejiya na buɗe waya. Ja. Kyandir kore dogo, alamar hawan farashi a allo, ya miƙe sama kamar hasumiyar Gobarau, lambobina kuma ja wur, an cinye min kusan dala 140. Ina ji mutane na gaisawa, wani ma ya miƙo min hannu na ba shi ban ko kalli fuskarsa ba. A nan ne ya kamata in rufe in koma gida da dala 260 in nemi cikon kuɗin takin, abu ne da zan iya a sati biyu. Amma abin da na ji a ƙirjina a lokacin ba lissafi ba ne, fushi ne, irin fushin da kake ji in yaro ƙarami ya zage ka a gaban mutane. Nace wallahi sai kin dawo min da kuɗina. Na ƙara saida lot 0.20 a kan na farko, wai in farashi ya ɗan sauko kaɗan in fanshe duka har da riba. Ban kai Kofar Kaura ba farashi ya ƙara hawa, a kan mashin ɗan acaɓa nake ina kallo, kafin in sauka buroka ya rufe min komai da kansa don kuɗin jingina sun ƙare. Abin da ya rage a asusun bai kai dala 30 ba.

Da daddare maiɗakina ta kawo tuwo ta ajiye, ta dawo ta tarar ko buɗe kwanon ban yi ba. Tace Malam lafiya kuwa, nace kaina ke ciwo. Ta kawo min fanadol. Har yau wannan fanadol ɗin na ba ni kunya fiye da kuɗin.

Na daɗe ina tunanin mi ya same ni ranar nan, don ni ba mutum ne mai saurin fushi ba, a unguwa ma ni ake kira in ana rigima. Kuma na karanta duk abin da ake cewa, ka nutsu, kar ka bi zuciya, kar ka yi kwaɗayi, na ji shi a bidiyo ya fi sau ɗari. To ina nutsuwar ta tafi lokacin da nake buƙatarta? Amsar ban same ta a YouTube ba, wurin Kawuna na same ta, mutumin da ko WhatsApp bai iya ba.

Kawu ɗan kasuwar hatsi ne, ya fi shekara talatin yana sayen masara da dawa da gero da kaka, daga Dandume da Bakori da sauran kasuwannin kudancin jiha, ya zuba a sito ya jira. Wurinsa na je neman rancen da zan biya Yaya, don ba ni da fuskar da zan kalli Yaya in ce babu taki ga gona na jira. Na same shi zaune kan buhu a ƙofar sito yana jan carbi, na gaya mai gaskiya duka ban ɓoye komai ba. Bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, to ɗana wannan zinaren da ka saida, na nawa ne? Nace Kawu ai ba a ganinsa, a waya ne. Yace na ji, amma in da ana ganinsa na nawa ne? Sai na tsaya na yi lissafi a gabansa, oza 30, kowace oza a lokacin tana wajen dala dubu 1 da ɗari 9, ya kama wajen dala dubu 57. Yace jarinka kuma nawa? Nace dala 400. Ya ajiye carbin ya kalle ni da kyau yace, kai ka ɗauki lodin tirela ka ɗora wa jaki, sannan kana mamaki jaki ya durƙushe?

Sannan ya gaya min maganar da ta zauna min. Yace kana ganin ina da haƙuri a kasuwa ko? To ba haƙuri na fi ku ba. Shekarar da hatsi ya karye min na yi barci lafiya lau don buhunan nawa ne, ba bashi na ci na saya ba, ko ya faɗi rabi ba wanda zai zo ya fasa min sito ya kwashe, in ta kama mu ci abinmu a gida. Amma akwai shekarar da na karɓi kuɗin mutane na ƙara a kai, wannan shekarar ko motsi na ji a kasuwa sai cikina ya murɗa, kuma a shekarar ne na yi cinikin da ya fi kowanne muni a rayuwata, na saida da wuri saboda tsoro, bayan sati uku kaya suka tashi. Yace ba a fafe gora ranar tafiya. Nutsuwar da kake nema tun kafin ka shiga kasuwa ake tanadinta, in ka riga ka shiga da kayan da ya fi ƙarfinka ko kai waliyyi ne sai ka firgita.

Wannan shi ne abin da nake so 'yan uwana matasa masu wannan harka su ji, musamman mu nan Katsina da abin ya shigo mana da ƙarfi cikin 'yan shekarun nan, ko'ina ka zauna, teburin mai shayi, majalisa, cikin makaranta a jami'ar UMYU ko foli, sai ka ga yaro ya duƙufa kan waya yana kallon kyandirori. Ana ta koya mana nutsuwa kamar wani hali ne da za ka ɗaure fuska ka ƙirƙiro shi a gaban allo. Ba haka ba ne. Girman abin da ka sa a kasada shi ke yanke yadda zuciyarka za ta buga. Mutum ɗaya ne, zane ɗaya ne, amma in ya shiga da lot 0.01 inda dala ɗaya ta farashi take dala ɗaya a aljihunsa zai iya ajiye waya ya tafi ɗaurin aure ya dawo, in kuma ya shiga da 0.30 da kuɗin takin yayansa ko banɗaki ba zai iya shiga ba sai da wayar a hannu. Kuma leburej ɗin nan da burokoki ke tallatawa, wato damar da suke ba ka ka juya kayan da suka ninka jarinka sau da yawa, 1:500, 1:1000, wasu ma har su ce maka ba iyaka, shi ne ke ba jaki damar ɗaukar lodin tirela. A Turai tun 2018 hukumarsu mai kula da kasuwannin kuɗi, ESMA, ta ƙayyade wa ƙananan 'yan kasuwa 1:30 a manyan kuɗaɗe, zinare ma 1:20, kuma ta ce bincikenta ya nuna tsakanin kashi 74 zuwa 89 cikin 100 na irin waɗannan asusun asara suke yi. Shi ya sa in ka shiga shafin burokan da ke da lasisin can za ka ga sun rubuta da kansu kashi nawa na kwastomominsu ke asara, dole aka yi masu. Mu nan ba wanda ya ƙayyade mana, sai dai mu ƙayyade wa kanmu.

Daga baya da hankalina ya dawo na koma karatu, sai na ga ashe abin da ya same ni a gindin darbejiyar nan ba baƙon abu ba ne, har masana sun yi nazari a kai. Wasu masana halayyar ɗan Adam biyu, Daniel Kahneman da Amos Tversky, tun 1979 suka nuna cewa zafin asara a zuciyar mutum ya fi daɗin riba mai girma iri ɗaya, daga baya aka ƙiyasta ya kai kusan ninki biyu, kuma abin da ya fi ba ni tsoro a bincikensu shi ne mutum in yana cikin riba sai ya zama matsoraci ya yi saurin karɓewa, in kuma yana cikin asara sai ya zama jarumin ƙarya ya yarda ya ƙara kasada don dai kar ya amsa cewa ya faɗi. Kahneman har kyautar Nobel ya samu a 2002 a kan wannan aiki. Ka duba tarihin cinikinka a MT5 tsakaninka da Allah, za ka ga ribarka dala 5, dala 7, dala 4, don kana ganin shuɗi, launin riba, hannunka na rawa ka rufe, asararka kuma dala 60, dala 90, don ja kam sai ka zauna kana mai addu'a kana matsar da sitof. Nawa haka yake, na duba na wata uku sai na ga sau da yawa na ci fiye da yadda na faɗi amma asusun ƙasa yake yi.

Kuma kar ka ce wai don mu ƙanana ne ko ba mu yi karatun abin ba. A 1995 wani matashi Bature mai suna Nick Leeson, yana aiki wa bankin Barings na Ingila a reshensu na Singafo, ya yi asara ya ɓoye a wani asusu mai lamba 88888, yana ta ninka kasada don ya fanshe, girgizar ƙasa ta afka wa birnin Kobe na Japan a watan Janairu kasuwar can ta faɗi, maimakon ya tsaya sai ya ƙara, har asarar ta kai fam miliyan 827. Bankin da aka kafa tun 1762 ya rushe, aka saida shi kan fam ɗaya. Da na karanta labarinsa ban yi mai dariya ba ko kaɗan, don na san abin da ya ji a ƙirjinsa, shi ne dai abin da na ji a kan mashin ɗan acaɓa, sifilai ne kawai suka bambanta mu.

Ramuwa ita ce babbar cutar. Kana ji kamar kasuwa ta san ka, kamar da gangan ta jira ka shiga sannan ta juya. Kasuwar da a ƙididdigar 2022 ta BIS, bankin manyan bankunan ƙasashe, ake juya dala tiriliyan 7.5 a cikinta kullum, ina ta san da wani mai dala 400 a Kofar Kaura? Ba ta san ka ba balle ta ci bashinka. Kuma lissafin ramuwa mugu ne, in ka rasa kashi 10 na jarinka kashi 11 kake nema ka dawo daidai, in ka rasa rabi sai ka ninka abin da ya rage, in ka rasa kashi 90 sai ka ninka sau goma, to ka ga duk taku ɗaya da ka yi cikin ramin hawan fitowa ƙara tsawo yake, garin neman gira sai a rasa ido.

Akwai kuma ɗaya ɓangaren da ba a cika magana a kai ba, wato ranar da ka ci. Ni a wurina ranar riba ta fi ranar asara haɗari. Ka ci sau uku a jere sai ka ji kai ne ka gane sirrin, ka fara lissafin mota a ranka, ka ɗauki hoton allo ka sa a sitatus, gobe ka ninka lot. Kafin Juma'ar nan da sati biyu na maida dala 50 ta zama 130 a kwana uku, wannan cin shi ne ya ba ni ƙarfin halin taɓa kuɗin Yaya, da ban ci ba da ban taɓa ba. Haka muka gani a kirifto, a Nuwamban 2021 Bitcoin na wajen dala dubu 69 kowa ya zama malami, har waɗanda ba su taɓa saye ba suka saida fili da mashin suka shiga don kar a bar su a baya, bayan shekara ɗaya cif ya dawo wajen dala dubu 16 sai guruf-guruf suka yi tsit, waɗanda suka saya a sama saboda zumuɗi su ne suka saida a ƙasa saboda firgici. Hotunan riba da ake turowa kuwa, ba wanda ke turo hoton ranar da aka share mai asusu, kai kuma kana zaune kana gwada cikinka da bayan wani.

Kawu ya ba ni rancen, na sai takin na kai ƙauye da kaina, kuma na gaya wa Yaya gaskiya don Kawu ya ce sharaɗinsa kenan. Yaya ya yi shiru ya daɗe yana kallon gona sannan yace Allah Ya kyauta gaba, bai ƙara ko kalma ba, wannan shirun ya fi min duka zafi. Wata biyar na yi ina biyan Kawu daga albashina, kuma a watannin nan ban taɓa kasuwa da ko sisi ba, demo kawai, wato asusun gwaji da ba kuɗin gaske a ciki.

Da na dawo na dawo da wani tsari daban, kuma duk na rubuta shi ne a ranar da hankalina ke kwance, ranar Asabar kasuwa a rufe, a littafin makaranta mai fale 40 da na karɓa wurin ɗiyata. Na farko kuɗin da ke ciki nawa ne, kuma kuɗi ne da in sun ƙone gobe tukunyar gidana ba za ta sani ba. Kowane ciniki ba na sa fiye da kashi 1 cikin 100 na jari a kasada, in asusun dala 300 ne to dala 3 ce, na san wani zai ce to yaushe za ka yi kuɗi da dala 3, ni ma haka na ce da farko, amma ka lissafa, ko sau goma na faɗi a jere kusan kashi 90 na jarina na nan, kuma ina barci. Sitof ina sa shi tare da shiga, kuma ba ya matsawa baya ko da kuwa na yi rantsuwa farashi zai dawo. Sau da yawa ma yana dawowa ɗin bayan ya fitar da ni, abin na da ciwo, amma na riga na ga abin da ke faruwa ranar da bai dawo ba. Shi kansa sitof ɗin ba katanga ba ce ta ƙarfe, ranar 15 ga Janairun 2015 babban bankin Suwizalan ya janye hannunsa daga riƙe farashin kuɗinsu ba zato ba tsammani, cikin mintuna kuɗin ya yi tsalle da kusan kashi 30 a kan yuro, farashi ya tsallake sitof ɗin mutane bai tsaya ba, wasu suka wayi gari buroka na bin su bashi, wasu burokokin ma suka durƙushe. Wanda ya tsira ranar shi ne wanda kayansa ba su da nauyi.

In na faɗi sau biyu a rana na rufe kwamfuta, shi ke nan sai gobe. Nace kwamfuta don na cire manhajar daga waya gaba ɗaya, wannan kaɗai ya rage min rabin matsala, don waya na tare da kai a gado, a masallaci, a gaban iyayenka, kwamfuta kuma sai ka zauna ka buɗe, in NEPA sun ɗauke wuta caji ya ƙare ma ka huta. Guruf ɗin siginal, inda ake gaya maka ka saya ko ka saida, duk na fita. Kafin in danna komai sai na rubuta a littafin nan dalilin shiga da inda zan fita, da kuma layi ɗaya kan yadda nake ji. Wannan layin na ƙarshe da farko na ɗauke shi wasa, amma bayan wata biyu da na koma na karanta sai na ga kusan duk munanan cinikina a ranakun da na rubuta na gaji ne, ko mun samu saɓani a gida, ko ana bina kuɗi, ko da yamma cikin azumi ga yunwa ga ƙishi. Yanzu in na ga hannuna ya rubuta irin wannan sai in rufe littafin in tashi. Addininmu ma ai ya riga ya gaya mana, an hana alƙali yanke hukunci yana cikin fushi, an ce mai fushi in yana tsaye ya zauna, ya yi alwala, kuma Annabi (SAW) ya ce jarumi ba shi ne mai kada mutane a kokawa ba, shi ne mai mallakar kansa lokacin fushi. Mun haddace tun muna Islamiyya, amma ban taɓa kawowa ya shafi danna maɓalli a waya ba sai da na ɗanɗana.

Tunda na taɓo addini, na san za a tambaya kan halacci. Malamai sun yi saɓani a kan foreks, akwai maganar kuɗin ruwa da ake cirewa in ciniki ya kwana, akwai maganar leburej, akwai maganar hannu da hannu, ni asusun da ba ya da kuɗin kwana nake amfani da shi kuma na je na zauna da malamin da na yarda da shi, kai ma ka je ka tambayi naka kar ka ɗauki fatawa wurin mai saida maka kwas. Abin da zan iya faɗa daga kaina shi ne, abin da na yi a gindin darbejiyar nan, ko da duk malaman duniya sun halatta kasuwar, ni na san a zuciyata a wannan mintin caca na yi, ba nazari ba dalili, rufe ido kawai na yi na jefa.

Ba zan ce maka yanzu na zama dutse ba. Cikin watan da ya wuce ma na karya dokar faɗuwa biyu, na shiga na uku, na faɗi, na rubuta a littafi da jan biro. Bambancin shi ne abin da ya tafi dala 9 ne ba amanar wani ba, kuma da daddare na ci tuwona. Ba zan ce maka kuma ina samun kuɗin da za su sa in bar aikina ba, wani watan in ɗan samu wani watan in ɗan rasa, kuma duk wanda ya zo min yana so ya ajiye sana'arsa ko ya saida keke napep ɗinsa ya shigo ina hana shi da iyakar ƙarfina. A Burazil an bi diddigin masu cinikin wuni-wuni, wato masu shiga su fita a rana ɗaya, a cikin waɗanda suka dage fiye da kwana 300 kashi 97 asara suka yi. Wani ƙanen abokina ya zo min kwanan baya da kuɗin rajistar makaranta wai in nuna mai yadda zai ninka kafin a rufe fotal, na zaunar da shi na ba shi labarin takin nan tun daga farko har ƙarshe, na raka shi har shagon POS ya biya kuɗin makarantarsa a gabana.

Juma'ar farkon watan nan ma an fitar da rahoton. Tun ƙarfe 12 na rufe kwamfuta ba ni da komai a buɗe, na bar waya a caji kan firij, na ɗauki darduma na kama hannun ɗana muka taka zuwa masallaci. Liman ya yi huɗuba kan haƙƙin maƙwabci. Da muka fito muka biya ta wurin Kawu, yana nan kan buhunsa, ya ba yaron dabino ya tambaye ni ya jakin naka, nace Kawu yanzu kwano ɗaya nake ɗora mai. Sai da aka yi la'asar na duba na ga inda zinare ya je.